Sha'anin mota: altarnatar ga tsohuwar bashe

Duk wanda dare ya taɓa riska tsakanin Maraɗi da Damagaram, da kaya cike a bayan Peugeot 404 bashe, fitilu na dushewa, ya san darajar caji. Dinamon da wasu tsofaffin motocin nan suka zo da shi ba ya ciyar da batir in inji na juyawa a hankali, shi ya sa ake musanya shi da altarnatar.

Wajen saye, a nemi mai volt 12 wanda regilatarsa ke cikinsa. Ampa 50 zuwa 60 sun wadatar. Wanda ya fi haka ƙarfi sai an ƙara kaurin waya, in ba haka ba ta yi zafi, gobara ta biyo baya.

Wajen haɗi, a fara kwance kan batir mai alamar ragi, a raba tsohon regilata da aiki. Waya mai kauri ta tashi daga B+ zuwa kan batir mai alamar ƙari. Siririya kuwa daga D+ za ta bi ta jar fitilar caji zuwa makulli. Kada a raina wannan fitila: in ƙwanta ya ƙone, altarnatar na iya ƙin fara caji.

In an tada inji, ma'auni ya nuna volt 13,8 zuwa 14,4. Kada ku yarda a cire kan batir inji na aiki da sunan gwaji. Al'adar zamanin dinamo ce, altarnatar kuwa kashe shi take yi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.