Mai Gaskiya Ya Tashi Hannu Rabbana, Macuta Sun Tafi Da Kofi

Wasan besbol bai yi kasuwa a wurinmu ba, amma a Amurka da Japan da Kuba da Benezuwela da shi yara ke tashi. Ina ƙaunar wasan nan, kuma ina da ƙorafi a kan masu tafiyar da shi. Ga yadda yake: mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya make ta, sannan ya sheƙa ya taka zangon farko kafin a kai ta hannun mai tsaron wurin. In ƙwallo ta riga shi, ya fita. Mai jifan da ya fitar da mutum 27 a jere, ba wanda ya taka ko zango ɗaya, shi ne ya yi cikakken wasa. Babbar gasar Amurka ta haura shekara 140, amma sau 24 kacal aka rubuta an yi haka.

Ranar 2 ga Yuni 2010, a birnin Detroit, Armando Galarraga ɗan Benezuwela, mai jifan ƙungiyar Tigers, ya fitar da 'yan Cleveland 26 a jere. Saura ɗaya. Jason Donald ya bugi ƙwallo ta bi ƙasa, Miguel Cabrera ya tsince ta ya cilla wa Galarraga, shi kuma ya taka zango tun Donald bai iso ba. Sai alƙalin wasa Jim Joyce ya ware hannuwa, wai Donald ya tsira. Fili ya kaure da ihu. Galarraga bai yi ashar ba, bai yi kan alƙali ba. Murmushi ya yi, ya koma ya fitar da na gaba, aka tashi uku da nema.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake girmama Joyce. Mutum ne da ya haura shekara 20 yana alƙalanci, da ya ga dama sai ya ce abin da idonsa ya gani ke nan. Yana kallon bidiyon sai ya fito gaban 'yan jarida ya ce laifinsa ne, ya raba yaron nan da haƙƙinsa. Ya sa aka kira masa Galarraga, ya ba shi haƙuri yana hawaye. Washegari Galarraga da kansa ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa a gaban jama'a, suka yi musabaha. Shugaban gasar na lokacin, Bud Selig, ya ƙi sauya hukuncin. Sai a 2014 aka fara duba bidiyo a irin wannan taƙaddama.

To, ga ɗaya ɓangaren. A besbol mai cafe ƙwallo yakan yi wa mai jifa ishara da yatsu a ɓoye, ya nuna masa irin jifan da zai yi. A 2017 ƙungiyar Houston Astros ta yi amfani da kyamarar da ke can ƙarshen fili tana leƙen ishararrun abokan hamayya. Ana kallo a talabijin kusa da mazaunin 'yan wasa, sai a bugi kwandon shara. In mai sanda ya ji bugu, ya san ƙwallo mai lanƙwasa ko mai sanyin gudu ce tafe. In ya ji shiru, mai gudu ce. Ba shi da maraba da ɗalibin da aka raɗa wa amsa kafin a raba takardar jarabawa. A shekarar suka doke Los Angeles Dodgers suka ɗauki kofi.

Asiri bai tonu ba sai a Nuwamba 2019, da tsohon ɗan wasansu Mike Fiers ya fasa ƙwai, kuma har aka samu tsofaffin 'yan wasa da suka zarge shi da tsegumi. Shugaban gasa Rob Manfred ya ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, ya dakatar da koci A.J. Hinch da manaja Jeff Luhnow na shekara guda. 'Yan wasan da suka amfana ba wanda aka taɓa, don an yi musu alkawarin kariya in sun faɗi gaskiya. Kofi na nan a Houston. Da aka matsa wa Manfred, sai ya kira kofin guntun ƙarfe, maganar da daga baya ya nemi afuwa a kanta. Hinch kuwa, wa'adinsa na cika Detroit ta ɗauke shi koci, wato tsohuwar ƙungiyar Galarraga.

Mu masu kallo ma muna da namu kason. Wata guda cif bayan wasan Detroit, a fagen ƙwallon ƙafa, Luis Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon Ghana a bakin raga a Johannesburg, Asamoah Gyan ya buga fanareti ta daki ƙarfe, Suárez ya yi ta tsallen murna. Ya sha tsinuwa a gidajen kallo, kuma har 2022 cewa yake ba zai ba da haƙuri ba. Amma da ɗan Super Eagles ne ya yi mana wannan aikin, mutum nawa ne a cikinmu za su ce bai kyauta ba? Magoya bayan Houston ma haka suka rungumi nasu.

A 2020 Galarraga ya nemi a gyara littafin tarihi, Joyce ya goyi bayansa, amma har yau ba a gyara ba. Hujjar hukuma ita ce in aka buɗe wannan ƙofa ba za ta rufu ba. Ban karɓi hujjar ba. Donald ne mutum na ƙarshe, gyaran ba zai sauya wanda ya ci wasa ba, alƙalin da ya yanke hukunci ya ce kuskure ne, bidiyo kuma shaida ne. Ya kamata Manfred ya ɗauki alƙalami ya mayar da 24 ta zama 25, sannan ya goge sunan Houston daga kofin 2017.