Wasiƙar neman aiki ba takardar roƙo ba ce

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun gama bautar ƙasa, muna ta aika wasiƙu, amma shiru. Mu binciki kanmu. Wasiƙa ɗaya muke tura wa banki da makaranta da asibiti, suna kawai muke canjawa, mu cika ta da "ku taimaka mini". Mai ɗaukar ma'aikata kuwa wanda zai iya aikin yake nema.

Mu ambaci gurbin tun layin farko. Mu kawo abin da muka taɓa yi: mun koyar da lissafi shekara guda, mun riƙe kuɗin zumunta ko kwabo bai ɓata ba. Shafi ɗaya ya isa. Kada mu rubuta abin da ba mu iya ba, ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar ganawa zai tonu. Kafin mu aika, wani ya duba mana.