A Bar Kowa Ya Yi Magana a Kankiya da Kusada

Duk sanda kakar zaɓe ta kawo jiki, ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai a mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa sukan so haɗa lacca ko muhawara don a ji ta bakin masu neman kujera. Abin da ke kashe irin wannan taro ba kasafai yake zuwa a rubuce ba. Waya ce da daddare, a ce a cire wane daga jerin masu jawabi, in ba haka ba mai girma ba zai halarta ba. Ko kuma a wayi gari ɗakin taron da aka yi alkawari wai ana gyaransa.

Arewa ta san wannan tun da daɗewa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sai da izinin En'e ake yin lacca, wanda ya yi ba izini kuwa daga gaban alƙali sai gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan gwagwarmaya. A ranar 22 ga Satumban 2003 'yan sanda suka watsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar ba a karɓi izini ba, alhali ɗan takararta na shugaban ƙasa a shekarar shi ne Janar Muhammadu Buhari, ɗan jihar da wannan mazaɓa take ciki. Jam'iyyar ta garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izinin ya saɓa wa sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa in an sanar da su, aikinsu su ba da tsaro. Sanarwa ake yi, ba roƙo ba.

Sai dai mu a ganinmu, rabin matsalar tana hannun masu shirya taron. Wanda ya bari ɗan siyasa guda ya biya kuɗin rumfuna da kujeru da lasifika, ya riga ya miƙa masa jerin masu magana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara a yi karo-karo a zauna a filin firamare, a gayyaci kowane ɓangare, a ba kowa mintuna daidai. Shugaban taro ya tsawata wa mai zagin iyaye ko mai zuwa da ƙauraye, ko na wane ne, amma kada ya katse wanda ya tashi yana tambayar ina aka kwana kan takin zamani ko rijiyar burtsatse.

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin uku da hakimai su riƙa buɗe ɗakunan taro ga kowa bisa sharaɗi ɗaya, domin da dukiyar jama'a aka gina su.