Masu sarrafa yogot da zoɓo, ku kula da bawul ɗin da kuke sakawa

A Kano da Kaduna da Jos, ƙananan masana'antun yogot da zoɓo da kunun aya sai ƙaruwa suke yi, kuma abin farin ciki ne. Sai dai akwai sakacin da ya kamata a yi magana a kai. Mutum zai kashe miliyoyi wajen sayen tukunyar dafa madara da injin ɗura ta a roba, amma idan aka zo kan bawul, wato abin da ke buɗe hanyar bututu da rufe ta, sai ya aika a sayo na masu gyaran famfo saboda araha.

Irin wannan bawul na tagulla ko baƙin ƙarfe yana da lungunan da wanki ba ya kai wa gare su. Madarar da aka dafa a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta, da zarar ta bi ta kan ragowar jiya da ta maƙale, an koma gidan jiya. Ga kuma tsamin yogot da na zoɓo da ke cin tagulla, wadda sau da yawa akwai dalma a cikinta.

Abin da ya dace shi ne bawul na aikin abinci, irin wanda Turawa suka laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi. Faifai ne guda a tsakiyar bututu, a murɗa hannunsa kwata ɗin zagaye ya buɗe, a mayar ya rufe. Cikinsa sumul yake, datti ba ya samun wurin zama.

Mai saye ya duba abu uku. Na farko ƙarfen: ya zama marar tsatsa mai lamba 304, ko 316L wanda ya fi jure tsami da gishiri. Na biyu robar da ke toshe yoyo: EPDM na jure ruwan zafi da sodar wanki, amma mai yana lalata ta, don haka masu harkar man gyaɗa su nemi FKM. Na uku mahaɗin: wanda ake kwancewa da hannu a wanke ya fi wanda ake ɗaurewa kamar noti. A kuma sani cewa faifan yana tsaye ne a kan hanya ko da an buɗe shi, saboda haka bai dace da abu mai gudaji irin fura ba.

Muna kira ga jami'an NAFDAC da su riƙa sa a kwance bawul a gabansu yayin duba masana'anta, kada su tsaya kan tsaftar daɓe da farar riga. Su kuma masu masana'antu su nemi takardar shaidar ƙarfe daga dillali, su riƙa sauya robar tun kafin ta tsage. Araha ba ta ado, balle a abin da yaranmu ke sha a ƙofar makaranta.