Bulala ba magani ba ce

A garuruwanmu akwai yaron da ya kai shekara 3 bai fara magana ba. In an kira sunansa, ba ya waiwayowa. Wani kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, in an aike shi sai ya manta a hanya. Wani ya haɗa duk biyun. Sai mu ce iskoki ne ko taurin kai, mu ɗauko bulala.

Ƴan'uwa, wannan kuskure ne. Ma'aikatan lafiya suna kiran na farko otizim, na biyu rashin natsuwa. Haka ƙwaƙwalwar yaron ta taso. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ta kawo shi ba.

Mu fara kai shi asibiti a duba kunnensa, domin sanƙarau yakan bar yaro da kurumta. A gida mu ba shi aiki ɗaya-ɗaya, da gajeruwar magana: “Ɗauko ƙwarya.” In ya yi, mu yaba masa. Mu tsare shi daga rijiya da murhu, amma kada mu ɗaure shi. Yaron da ake duka, tsoro kaɗai yake koyo.