Rumbunan sunaye sun yi yawa: wanne ne uwa, wanne ne reshe?

Manomin masara daga Doguwa, ko ɗan kasuwar Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, yau yana da suna a rumbunan kwamfuta aƙalla huɗu: na hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, na bankuna mai riƙe da BVN, na INEC, da na kamfanin layin wayarsa. A ɗaya an rubuta Muhammad, a ɗaya Mohammed, a na uku Muhammadu. Ranar da rumbunan suka saɓa wa juna, asusunsa ne ke rufewa, kuma shi ne zai biya kuɗin mota ya je gyara.

Manyan kamfanoni sun daɗe da shawo kan irin wannan matsala a cikin gidajensu. Kamfani mai rassa da yawa yana ajiye sunayen ma'aikatansa, da kalmomin sirrinsu, da iyakar abin da kowa zai iya buɗewa, a kundi guda, kamar Active Directory da Microsoft ta fitar tare da Windows 2000. Kundin ɗaya ne, amma sabobin da ke riƙe da shi aikinsu ya bambanta. Akwai waɗanda ake yin gyara a cikinsu, su kuma su isar da gyaran ga sauran. Akwai mai riƙe da taƙaitaccen bayanin kowa domin saurin nema. Akwai wadda sauran ke daidaita agogonsu da nata, domin idan agogo ya saɓa da fiye da minti biyar, tsarin kan ƙi karɓar kalmar sirri ko da daidai ce. Wasu 'yan ayyuka masu haɗari kuma, kamar sauya fasalin kundin kansa, saba ɗaya tak aka yarje wa.

A takarda, Najeriya ma ta zaɓi uwar kundinta. Dokar 2007 ta ɗora wa NIMC wannan nauyi. Sai dai Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, ya kuma karɓu a bankuna tun kafin NIN ta kai ga yawancin jama'a. Umarnin haɗa layin waya da NIN ya zo a Disambar 2020, na haɗa asusun banki da NIN ko BVN kuma a Disambar 2023. Wato an fara gina rassa, kowanne da rubutunsa, sannan aka dawo ana neman su yi wa uwa biyayya. Har yanzu gyaran da aka yi a NIMC ba ya zuwa banki da kansa. Mai suna ne ke ɗaukar takarda daga wannan ofis zuwa wancan, yana yin aikin da ya kamata na'ura ta yi, bayan ya biya kuɗin gyaran ranar haihuwa da ya haura naira 28,000 tun 2025.

Abin da ya fi shafar kudancin Kano shi ne matsayin reshe. Tun daga Windows Server 2008, kamfanoni ke ajiye wa ofishinsu na nesa sabar da ake karantawa kawai, ba a gyara a cikinta. Idan intanet ya yanke, ma'aikatan reshen za su ci gaba da shiga kwamfutocinsu. Idan ɓarawo ya ɗauke na'urar, kalmomin sirrin 'yan reshen kaɗai zai samu. Tantance NIN kuwa sai an taɓo cibiya, ko daga Bebeji ake nema, ko daga Tudun Wada, ko daga Riruwai da ke can bayan dajin Falgore, inda layi kan zo ya tafi. A Fabrairun 2022, da hanyar tantancewar ta tsaya na kwanaki, rajistar layin waya da neman fasfo sun tsaya tare da ita a faɗin ƙasar.

Masu ɗari-ɗari da rarraba kwafi suna da hujja. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, shekara guda bayan sanya hannu a dokar kare bayanai ta 2023. Amma abin da ya fito fili a lamarin shi ne sakacin sanin wa aka ba makulli, da kuma abin da aka yarje masa ya gani. Mai POS a Tiga ba ya buƙatar ganin adireshin mutum ko ranar haihuwarsa. Amsar "eh, shi ne" ko "a'a" ta wadatar da shi.

Ga ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke jiran tantancewa kafin albashi ya shigo, tambayar da hukumomin ba su amsa a aikace ba ita ce wane rubutu za a bi idan na NIN da na BVN suka saɓa, kuma wa zai isar da gyaran ga sauran rumbunan.