Birkin da ke Rawa: Awo Yake Buƙata Kafin Sabon Faifai

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san wannan yanayi. Mota na sharara gudu a babban titi, ka taka birki, sai ka ji yana bugun tafin ƙafarka, sitiyari kuma yana karkarwa a hannu. A gareji amsar ɗaya ce: faifan birki ya lanƙwashe, a sayo sabo. A saya, a ɗaura, rawa ta tsaya. Bayan 'yan watanni ta dawo, sai a ɗora laifin a kan jabun kaya. A ganina, yawancin wannan kuɗi asara ce, domin an yi maganin alama an bar cutar.

Faifan birki zubin ƙarfe ne mai kauri, ba kasafai zafi ke lanƙwasa shi ba. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya bambanta daga wani gefe zuwa wani. Idan ɓangare mai kauri ya shiga tsakanin takalman birki biyu, sai ya tura su baya, man birki ya kai wannan turi har ƙafar direba. A gudun kilomita 100 a awa, taya na juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa, bugun da kake ji ke nan. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya jawo haka.

To me ke sa kaurin ya bambanta? Mafi yawa, faifan ne bai zauna daidai a mazauninsa ba. Tsatsa ko ƙasa ta maƙale a bayansa, ko kuma an ɗaure notunan taya da ƙarfi daban-daban. Mun saba ganin mai faci ya hau kan sufana da ƙafa yana tsalle, muna ɗaukar hakan ƙwazo ne. Alhali kowace mota tana da ma'aunin ɗaurinta: ƙananan motocin Toyota da dama, irin su Corolla da Camry, mita-niyuton 103 suke buƙata, kuma a bi notunan a tsallake, ba a jere ba. Faifan da ya ɗan karkace yana gogar takalmi a wuri guda a kowane juyi, har wurin ya cinye. Shi ya sa rawar ba ta dawowa washegari, sai an ci dubban kilomita, lokacin kowa ya manta da wanda ya ɗaure tayar.

Dalili na biyu zafi ne. Wanda ya danne birki tun daga saman Hawan Kibo har ƙasa, sannan ya tsaya cak ƙafarsa na kai, takalmi zai bar tabonsa a kan faifai mai zafi. Maganin wannan shi ne sauka da ƙaramin giya, a bar inji ya riƙe motar. Haka ma idan sandunan da matsen birki ke zamewa a kai sun bushe babu giris, takalmi ba ya sakin faifan.

Kafin ka je gareji, kai ma kana iya taƙaita binciken. Idan sitiyari ne ke karkarwa, duba gaba. Idan a kujera kake jin rawar, zargi baya. Idan mota na rawa ko ba ka taka birki ba, fara da tayoyi. Bugu mai sauri da gurnani lokacin birkin gaggawa a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi kuwa aikin na'urar ABS ne, kada ka ɗaga ƙafa.

A gareji, nemi abu uku. A goge mazaunin faifan har ƙarfe ya fito fes. A auna karkatarsa da agogon awo, domin masu ƙera motoci da yawa ba sa yarda ta wuce milimita 0.05. A auna kaurinsa a wurare da dama, a kwatanta da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa. Wanda ke da sauran nama ana iya fere shi, wanda ya ƙare a canza, hagu da dama tare, da sababbin takalma.

Wani zai ce bakaniken unguwa ba shi da waɗannan kayan awo. Gaskiya ne, amma ba tsadarsu ce ta hana ba, rashin mai tambaya ne. Bakanike yana sayen abin da masu mota ke nema. Mu da muke neman sakamakon gwaji kafin mu yarda da likita, bai dace mu miƙa birkin da ke ɗauke da iyalinmu ga kintace ba. Birki mai rawa yana rage riƙon taya a kan kwalta daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kafin ka aika a sayo faifai a Ƙofar Ruwa ko Panteka, tambayi bakanikenka: ka auna, nawa ka samu?